Yadda Babayo Ya Yi wa Ƙofar Dumi Hidima

Duk wanda ya zauna a Ƙofar Dumi kafin Turawa su naɗe kayansu, ko bai ga Babayo ba ya ji muryarsa. Gajere ne mai tumbi, da gemu fari tas wanda yake shafawa duk lokacin da zai saki ƙarya, wato dai hannunsa ba ya rabuwa da gemun. Ni ne Sabitu tela, kekena yana bakin zaure daidai ƙofar gidansa. Abin da zan faɗa muku ba ji na yi ba, a idona aka yi, har igiyar ma da ni aka ja.

Babayo Bafulatani ne da ya ajiye sanda ya shigo birni, ya bar wansa Hammajoda da shanu a ruga. Ya taɓa aiki a ofishin Di'o, Baturen mulki. Aikin kuwa jan igiyar fanka ne daga bayan bango, bai ma cika damina guda ba aka sallame shi, don ya yi barci Bature ya jiƙe sharkaf da gumi. Amma in ka ji shi a majalisa sai ka rantse shi ya riƙe lardin Bauchi. "Lokacin da muke aiki da Di'o," haka yake buɗe kowace magana, ko da ta tsadar gishiri ce.

Abu ɗaya ne a duniya ba ya cika baki a kansa, shi ne ɗansa na fari, Jalo. Kun san kunyar ɗan fari, ta Fulani kuwa ta fi ta kowa tsanani. Ba ya kiran sunansa, ba ya haɗa ido da shi, ba ya yabonsa. "Wancan" yake ce masa, in ransa ya yi fari ya ce "ɗan makaranta". In yana da magana da shi sai ya juya ya fuskanci bango ya ce, "A gaya wa wanda bai share zaure ba, na gani," alhali yaron yana tsaye a bayansa. Uwar, Habibatu, ita ma haka take.

Jalo kuwa yaro ne shiru-shiru, yana shekararsa ta ƙarshe a sakandaren lardi, ba shi da buri sai kwalejin Zariya. A hannun baffansa Hammajoda ya tashi a ruga, kamar yadda ake yi da ɗan fari, har aka zo aka ɗauke shi makaranta. Hammajoda bai taɓa yafe wa makaranta ba. Ya rantse ranar da aka sallami yaron, ranar zai miƙa masa sanda ya koma bayan shanu. Aljihun Babayo kuwa iska ce kawai a ciki, ba zai iya kai kowa ko Ningi ba balle Zariya.

To, a shekarar da Arewa ta sami mulkin kai, wani attajirin fatu, Alhaji Abdulsalam, ya ce zai ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya zuwa kwaleji, ci da sha da sutura. Sukolashif ake ce wa abin. Ba wanda ya fi ƙwaƙwalwa za a ba ba, sai wanda ya fi kyan hali da yi wa mutanen unguwarsu hidima a lokacin hutu. In an koma, za a taru a filin makaranta, Baturen ilmi ya saurari iyaye da maƙwabta, a zaɓa.

Babayo ya iso bakin kekena yana haki.

"Tela, an gama! Fara ɗinka mini babbar riga."

"Wa ya gama me?"

"Sukolashif mana. Ya shigo gidana."

Na ce, "To yaron ya fara hidimar ne?"

"Wancan? Wancan in ya taimaki tsohuwa sai ya duba hagu da dama kada a gan shi. Lokacin da muke aiki da Di'o na gane Bature. Aikin da ba a yi shi da ihu ba, a wurinsa ba a yi ba. Kuma gida yake lissafawa kamar haraji. Ni zan yi aikin, a ce na ɗan makaranta ne."

"Kai ɗin?"

"Ni ɗin. Ƙofar Dumi za ta ga hidima."

Wallahi ta gani.

Ya fara da rijiyar unguwa. Ya ce ta yi datti, yau zai yashe ta. Muka ce a kira masu haƙar rijiya, ya ce su wa, a gabansa? Ya zo da hantsi, lokacin da mutane suka fi yawa, sanye da tsohuwar babbar rigarsa da rawani, wai kada a ɗauka lebura ne. Aka ɗaura masa igiya a ƙugu. Ya tsaya a bakin rijiya ya ɗaga murya: "Jama'a a shaida! Wannan aikin wancan ne, ɗan makaranta!" Muka zura shi.

Da farko muna jin waƙa daga ƙasa. Can sai waƙa ta tsaya.

"Tela! Akwai wani abu a nan!"

"Mene ne?"

"Yana kallona! Yana da idanu a ka! Ku ja! Ku ja, don girman Allah!"

Kwaɗo ne. Amma kafin mu ja ya riga ya yi ta dambe da ruwa, ya tumurmushe laka, ya banƙaro gefen rijiya. Babbar riga ta sha ruwa ta ƙara masa nauyin buhu. Muka ja, muka ja, ƙarti takwas, Babayo ya ƙi tahowa. Sai da aka aro jakin mai itace aka haɗa da mu. Ya fito a hankali, rawani a wuya, laka har gira. Da ya tsaya a ƙasa sai mata suka yi ihu suka juya baya, yara suka faɗi suna birgima. Wandon ya zauna a rijiya.

Ya tattare riga ya matse ƙafafu, ya ce, "Na bar shi ne da gangan, don a auna zurfi."

Liman ya leƙa ya ce shi dai ba zai yi alwala da ruwan da wandon Babayo ya kwana a ciki ba, sai an kwashe shi tas. Waye zai kwashe? Kowa ya ce wanda ya ɓata. Wanda ya ɓata kuwa yana kwance a ɗaki ana gasa masa ƙugu. Sai ga Jalo da guga, kansa a sunkuye don kunya. Ya yi ta ja yana zubarwa har tafin hannunsa ya saɓule. Kafin rijiya ta kwanta ta yi kyau, shi ya riƙa ɗaukar garwa biyu a sanda yana zuwa har Ƙofar Wambai yana kawo wa tsofaffi ruwa, gida gida.

Rannan Jalo ya tsaya a gaban kekena. "Baba Sabitu, don Allah ku ce masa ya huta."

Na tsallaka na gaya wa uban. Babayo ya juya ya fuskanci bango, ya ce, "A gaya wa wanda ya aiko Tela, ba a fara ba tukuna."

Na biyu awaki ne. Ya ce su ne ke ƙazantar da lungu, gari mai mulkin kai ba ya zama da kashin awaki. Kun san akuyar birni, da safe a sake ta, da magariba ta komo gidansu da kanta, ba ta neman jagora. Babayo ya ce wannan rashin tsari ne. Ya ɗauki ƙwaryar dusa ya bi lungu lungu, awaki suka biyo shi ɗuu, ya shigar da su gidansa ya sa sakata. Ya fito ya sake shelar nan tasa: "A shaida! Aikin ɗan makaranta!"

Bai gaya wa Habibatu ba. Ita kuwa ta shanya kuɓewa da gero a tsakar gida, ga wanki a igiya.

Ihunta muka fara ji. "Malam! Wace irin masifa ka kwaso mini? Zanena! Wayyo zanena na biki!"

"Kwantar da hankalinki. Ni Bafulatani ne, dabba ta san muryata."

Ya tsaya tsakiyar gida ya sa hannu a baki ya yi wani irin kira, wai na makiyaya. Ko kunne ba su kaɗa ba. Wasu suka haye rumbu, wasu suka haye ɗakin girki suna cin jinka. Wanda ya amsa kiran guda ne, bunsurun Goggo Kubura mai daddawa, wani ƙato mai wari da ake jinsa tun daga masallaci. Ya ja da baya ya auna, ya sami Babayo daidai inda wandon nan ya taɓa zama. Sai ga Bafulatani a cikin turmi.

Ranar kuwa Hammajoda ya shigo kasuwa ya biyo gaisuwa. Ya jingina da sandarsa a kan katanga yana dariya har da hawaye.

"Aradu dabba ta san muryarka, ƙanena! Ga shi ya zo ya gaishe ka."

"Hamma, wannan akuyar birni ce, ba ta jin Fulatanci."

"Kai ma ba ka ji. Yi ta hidima. Duk wadda ka yi, sandar yarona tana ƙara matsowa."

Matan aure ba sa fita da rana, amma tsofaffi suna fita. Kafin la'asar rundunarsu ta cika ƙofar gida, Goggo Kubura a gaba da muciya a hannu.

"Ina ɓarawon awaki?"

Babayo ya amsa daga bayan ƙyaure. "Goggo, ba sata ba ce, tsafta ce."

"Tsaftar uwaka! Buɗe, in nuna maka tsafta!"

Bai buɗe ba. Jalo ne ya zare sakata. Tun da ya yi jigilar ruwa ya san kowane gida da akuyarsa, sai ya riƙa jansu ɗaya ɗaya yana mayarwa yana ba da haƙuri, ana zaginsa yana cewa na gode. Washegari ya yanko ciyawa ya gyara jinkar uwarsa, ya wuce ya gyara ta Goggo Kubura wadda ta daɗe tana yoyo. Abu ɗaya ne bai iya gyarawa ba. Da watanni suka zaga, duk 'yan awakin da aka haifa a Ƙofar Dumi da fuskar bunsurun Goggo suka fito.

Na yi zaton Babayo ya daddara. Ina! Ya ga dubagari, ma'aikatan tsaftar nan masu gajeren wando, suna zuba mai a kududdufi don kashe ƙwan sauro. Ya dawo yana shafa gemu.

"Tela, ka san inda sauron Bauchi yake kwana? Marina. Ramuka cike da ruwa baƙi ƙirin, shekara da shekaru, ba wanda ya lura sai ni."

"Malam Babayo, wannan baba ne, rini ake yi da shi. Ka rufa mana asiri."

"Kai ɗinki ka sani. Bar ilmi ga masu shi."

Ya jira ranar da marina suka tafi jana'izar wani dattijonsu da hantsi. Ya ciccibi garwar kananzir, ya bi ramukan baba ɗaya bayan ɗaya yana tuttulawa, bai tsallake ko guda ba. Wani mai hankali da ya gama sai ya gudu. Shi ya tsaya jiran godiya.

Yelwa, shugaban marina, shi ya fara isowa. Ya tsaya ya shaƙi iska. Ya durƙusa ya tsoma yatsa a rami ya kai hanci.

"Wa ya yi wannan?"

"Kada ka gode mini," in ji Babayo. "Aikin ɗan makaranta ne. Daga yau kun rabu da sauro."

"Inna lillahi! Ka san abin da ke cikin ramin nan? Rigar Alhaji Abdulsalam ce da rawaninsa!"

"Madalla. Shi ma ya rabu da sauro."

Yelwa ya rarumo sandar motsa baba, sauran marina suka zagayo. Babayo ya fara ja da baya yana cewa, "Lokacin da muke aiki da Di'o," ƙafarsa ta taka inda kananzir ya zuba, ragowar maganar a cikin rami ya ƙarasa ta. Tsundum! Sai kumfa.

Suka tsaya shawara kafin su ciro shi. Wani ya ce a bar shi ya kama sosai. Da aka fito da shi aka shanya a rana, gemun nan fari tas ya soma kore, can ya rikiɗe ya zama shuɗi mai kyau, irin wanda Yelwa ya ce bai taɓa samu a zane ba. An wanke da sabulu, an wanke da toka, an goga tsamiya. Fata ta ɗan saki, gemu ya ce yana nan.

Jalo ya ƙarasa hutunsa a marina, yana kwashe ramuka, yana dakan baba, yana ɗauko toka, hannayensa baƙi har gwiwar hannu. Amma ɓarna ta riga ta yi nisa. Shelar uban ta zaga gari. A kasuwa, waɗanda ba 'yan unguwarmu ba cewa suke wani ɗan makaranta a Ƙofar Dumi ya rushe rijiya, ya kwashe awaki, ya zuba wa marina kananzir. Labari ya kai har kunnen Baturen ilmi.

Ana gobe taro, ina auna masa sabuwar riga a zaure, Habibatu ta yi magana daga bayan labule.

"Malam, ka bar Yaya Hammajoda ya tsaya masa. Haka ake yi. Kowa da ɗan fari baffa yake turawa."

"Hamma? Wanda bai taɓa ganin Bature kusa ba? Wanda addu'arsa kullum yaro ya faɗi?"

"To in aka ce ka faɗi sunansa fa?"

"Bature ba ya tambayar suna. Lamba yake tambaya. Ni na yi aiki da su."

"Ko gemun ka aske."

"Wannan shaidar aiki ce."

Filin makaranta ya cika. Ɗalibai a jere cikin fararen kaya, Bature a tebur ƙarƙashin itacen maɗaci, Malam Elias, malamin lissafi, yana tsaye gefensa yana tafinta. Alhaji Abdulsalam yana hannun dama cikin rigar nan da rawanin nan, ya sha turare amma kananzir ya fi turaren ƙarfi. Da Bature ya ciro ashana zai kunna lofe, Alhaji ya ja kujerarsa can nesa.

Iyaye suka yi ta tashi, kowa ya faɗi abin da ɗansa ya yi. Wannan ya koyar da yaƙi da jahilci, wancan ya share makabarta. Masu 'ya'yan fari duk baffa ko kawu suka turo. Aka zo kan Ƙofar Dumi. Babayo ya miƙe ya baza riga, ya taka har gaban tebur, ya ƙame ya sara.

"Gudu monin, sa!"

Bature ya daɗe yana kallon gemun. Sannan ya yi magana, Malam Elias ya juya: "Ya ce yaya sunan ɗanka?"

Hannun Babayo ya tsaya a kan gemu.

"Lambarsa dai..."

"Suna ya tambaya."

"Ai... yana nan. Ga shi can." Ya nuna da leɓe, ba tare da ya waiwaya ba, inda yara sama da hamsin suke tsaye.

"Wanne?"

"Wancan."

Aka fara ƙyalƙyala dariya a baya. Bature ya ɗaure fuska. Malam Elias ya ce, "Ya ce kai ba ka san sunan ɗanka ba ne?"

"Na sani mana. Ni na yanka ragon."

"To faɗi."

Babayo ya buɗe baki. Mutumin da bai taɓa rasa magana ba tun da na san shi, ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ga wansa a cikin taro, ga dattawan Fulani sun zuba masa ido. Gumi ya gangaro shuɗi a kan sabuwar rigar da na ɗinka.

Bature ya gaji ya canza tambaya. "Ya ce to bar sunan. Yaya halinsa?"

Nan kunya ta riga hankali fita. "Wa? Wancan? Ai shashasha ne. Ci da barci kawai."

Malam Elias ya rage murya. "Malam, in faɗa masa haka?"

"To me zan ce? In yabi ɗan fari a gaban mutane?"

Bature ya matsa sai an fassara, aka fassara. Ya gyaɗa kai, ya sake tambaya. "Ya ce ya ji labarin rijiya da awaki da kananzir. Ya ce gaskiya ne yaron nan ne ya yi?"

Fuskar Babayo ta washe. Ga tambayar da ya kwana shirya wa amsa. Ya bugi ƙirji.

"Yessa! Shi ne! Duka ukun! Shi kaɗai, ba wanda ya taya shi!"

Na dubi Jalo. Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takalminsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kamar in tashi in shaƙe maƙwabcina da rigar da na ɗinka masa. Bature ya ɗaga hannu a kira na gaba.

"Ƙarya yake!"

Goggo Kubura ce. Ta ratso taro tana dogara muciya, ɗan doka ya tare ta ta ture shi.

"Kai mai fassara, gaya wa Nasara ƙarya yake, tsohon banza! Yaron nan shi ya shayar da mu da wannan ya bar wandonsa a rijiya. Shi ya maido mini bunsuruna. Ɗakina da ya shekara yana yoyo, 'ya'yan cikina ba su hau ba, shi ya hau!"

Yelwa ya miƙe. "A dubi hannun yaro, a dubi gemun uba. Mai aiki hannunsa ke rinewa. Wanda ya faɗa rami kuwa, ga shi nan ya rine har kunne."

Fili ya kaure da dariya. Malam Elias yana fassara yana share ido. Babayo yana juyi yana cewa, "Goggo, kina ɓata tsari! Yelwa, ku yi shiru, ba ku san Bature ba!"

Alhaji Abdulsalam ya yi gyaran murya, aka yi tsit. Ya ce, "Na ji maƙwabta. Ni ma rigata ta ba da tata shaidar. Amma ba zan ɗauki ɗan mutane in kai Zariya ba sai wani nasa ya tsaya ya kira sunansa ya ce ya ba ni. Uban ya kasa. Akwai wani?"

Kowa ya san wanin. Hammajoda yana can gefe, ƙafa ɗaya a kan gwiwa, da sanduna biyu a hannu, tasa da wata sabuwa fil da ya sassaƙo. Shirunsa kawai ya isa ya tafi da yaro ruga. Har na fid da rai. Can ya sauke ƙafa ya tako a hankali.

"Sunansa Jalo," ya ce. "Ni na goya shi a kafaɗa, ni na koya masa tatsa. Na zo yau da sandarsa, don na tabbata ƙanena zai gama mini aiki, ya kuwa yi ƙoƙari." Ya juya ya dubi Babayo sama da ƙasa. "Amma aradu, yaron da ya yi hutu guda yana kiwon wannan, yana bin sawunsa yana biyan ɓarnar gonakin mutane, bai kai masa sanda ko sau ɗaya ba, ba abin da shanu za su koya masa kuma. Ya gama kiwo. Alhaji, na ba ka."

Ya ajiye sabuwar sandar a kan teburin Bature, ya juya da sauri don kada a ga fuskarsa.

Sai guɗa. Bature ya yi dariya har lofe ya faɗi, ya kira Jalo ya ba shi hannu. Babayo kuwa, kafin mu iso Ƙofar Dumi ya riga ya warware. "Kun gani? Da ban ɓata ba, me zai gyara? Tsari ne tun farko. Lokacin da muke aiki da Di'o..." Goggo Kubura ta ɗaga muciya, ya shige gida.

Ranar tafiya unguwa duka ta raka Jalo tasha. Goggo ta ƙulla masa daddawa, marina suka ba shi zanen rufa, Hammajoda ya kawo man shanu a ɗan ƙoƙo. Babayo ya ce shi ba rakiya ya zo ba, ya zo duba wata katanga ce da ya ji an ce ta tsage. Ya tsaya can nesa ya ba motar baya, hancinsa kusan a jikin bango. Jalo ya je ya durƙusa a bayansa ya ce, "Baba, zan tafi."

Babayo ya gaya wa bango, "A gaya wa mai tafiya ya riƙa rufa da dare. An ce Zariya da sanyi."

Mota ta tashi, ta yi ƙugi, ta sha kwana. Mutane suka watse. Shi yana nan yana duba katanga. Na je na tsaya kusa da shi.

"Tela," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Wancan... ya tafi?"

"Ya tafi."

Ya juyo. Gemun nan shuɗi ya jiƙe sharkaf.

Na ce, "Malam Babayo, kuka kake yi?"

"Ni? Allah ya kiyaye." Ya ja hanci, ya goge ido da hannun riga. "Kananzir ɗin nan ne. Har yau bai bar yi mini yaji ba."